Mu kafa tamu saba ko mu dogara da ta wasu? Amsa ga mai binciken kala-azar a Gadarif

*"Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata jami'a a nan Gadarif, gabashin Sudan, bincikena a kan ƙwayar cutar kala-azar ne. Muna aika samfura waje a karanta mana jerin DNA ɗinsu, fayilolin su dawo da nauyin da kwamfutata ba ta iya ɗauka. Ɗalibaina na digiri na biyu yaƙi ya warwatsa su, wasu suna Kasala, wasu Port Sudan, ɗaya tana Alƙahira, ɗaya yana Jidda. Mun samu ɗan tallafi, sai wani abokin aiki ya ce mu sayi babbar kwamfuta mu ajiye a sashe, mu ɗora mata manhajojin nazari, kowa ya riƙa shiga ta burauza daga inda yake. Wannan zai yiwu a halin da muke ciki? Da me za mu fara?"*

Wa alaikumus salam, Ustaza. Allah ya dafa miki, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Abin da abokin aikinki ya faɗa mai yiwuwa ne, kuma shi ne irin aikin da nake yi wa ƙananan ɗakunan bincike: kwamfuta guda mai ƙarfi, wadda ake kira saba, tana zaune wuri ɗaya da manhajoji da bayanai a cikinta, mutane na aika mata umarni daga nesa ta shafin intanet, ta yi aikin, su ɗebi sakamako. Sai dai tambayar taki ta haifi wasu. Ina sabar za ta zauna? Ta wace hanya fayilolin za su isa gare ta? Wa aka yarda ya shiga, wa kuma zai tashe ta ranar da ta kwanta? Shafin da ɗalibai za su gani a burauza shi ne mafi sauƙi a cikin duka, kuma shi ne ke ruɗin mutane, domin a yini ɗaya ana iya tayar da shi, sai a ɗauka an gama aiki.

Yadda abin yake aiki

Kusan duk manhajojin da ake nazarin DNA da su an rubuta su ne don Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, a kan baƙin allon nan da ake buga umarni da hannu. BLAST, wadda ke nemo jerin da ya yi kama da naki a rumbu, ta fito a 1990. BWA da SAMtools, waɗanda da su za ki jera guntayen DNA a kan jinom, wato cikakken jerin DNA, na ƙwayar cuta, ki kuma tsara abin da ya fito, sun fito a 2009. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi da maɓallan latsawa. Manyan cibiyoyi irin su NCBI a Amurka da EMBL-EBI a Hinxton, kusa da Kambirij a Ingila, su ne suka saba wa jama'a da sa wa waɗannan manhajoji fuska ta shafin intanet. Daga baya aka samu manhajojin da kowa zai iya ɗorawa a kan tasa kwamfutar ya yi irin haka. Wadda ta fi shahara ita ce Galaxy, da aka fara a 2005 a jami'ar Penn State a hannun Anton Nekrutenko da marigayi James Taylor. Akwai kuma ƙanana masu aiki ɗaya tak, kamar SequenceServer, wadda ba ta san komai ba sai gudanar da BLAST a kan jerin da kika ba ta.

Akwai abu guda da nake so ki riƙe a nan, don shi ne ke bambanta aikin da aka yi da sani da wanda aka yi da ka. Shafin intanet na yau da kullum yana amsawa ne cikin daƙiƙoƙi. Nginx, manhajar da ake sawa a gaba tana karɓar baƙi, idan ba a canza saitinta ba daƙiƙa 60 take jira ta yanke. Shi kuwa aikinmu yana iya cin awa shida ko kwana biyu. Saboda haka tsari mai kyau ba ya riƙe mutum a kan layi. Kamar injin niƙa ne: ki ajiye ƙwaryarki a layi, ki tafi harkarki, ki dawo ki ɗauki gari. Ɗalibi ya miƙa aiki, saba ta ba aikin lamba ta sa shi a layi, ɗalibi ya rufe kwamfutarsa, ko wuta ta ɗauke a Kasala, ko data ta ƙare, aikin yana nan yana tafiya. Haka EMBL-EBI ta tsara nata, haka Galaxy ma. Ga mutanen da layin sadarwarsu ke yankewa sau da yawa a yini, wannan ne babban amfanin abin, ya ma fi ƙarfin injin muhimmanci.

Nauyin fayil ne ke yanke hukunci

Mu yi lissafi da ƙwayar da kike bincike a kanta. Jinom ɗin Leishmania donovani, ƙwayar da ke kawo kala-azar, ya kai haruffa miliyan 32 ko kusa da haka, a kan kuromosom 36. Idan aka karanta kowane wuri sau 50, haruffa biliyan 1.6 ke nan, wanda a matse yakan zama gigabait ɗaya da ɗoriya ga kowane samfuri. Samfura 30 sun tasam ma gigabait 40. A layin da ke ɗora megabit 2 a daƙiƙa, ɗora gigabait 40 zai ci awa 44, in babu yankewa ko sau ɗaya. Idan kuwa sai kin sauko da su daga kamfanin da ya karanta, sannan ki sake ɗora su wani wuri, kin biya kuɗin data sau biyu, kin yi jira sau biyu. Sakamakon da ake nema a ƙarshe, wato fayil ɗin da ke nuna inda samfura suka bambanta da juna da jadawalin da za a sa a kundin digiri, 'yan megabait ne da za a iya turawa ta WhatsApp.

Ke nan ƙa'idar ita ce, manyan fayiloli su yi tafiya ɗaya kawai, daga kamfanin zuwa inda za a yi musu aiki, kuma kada su bi ta wayar kowa. Kamfanoni sukan ba da adireshin saukewa. Galaxy tana karɓar irin wannan adireshi ta jawo fayil ɗin da kanta, haka kuma tana jawo bayanan da aka riga aka wallafa a rumbunan SRA da ENA idan aka ba ta lambar rajistarsu. Ɗalibarki ta Alƙahira ba ta bukatar fayil ɗin ya taɓa sauka a kwamfutarta. Wannan lissafi shi ne ya sa nake tambayar inda saba za ta zauna kafin na tambayi irin wadda za a saya. Saba mai ƙarfi a ƙarshen siririn layi ba ta da bambanci da kwamfutarki ta yanzu, sai dai tsada.

Shi ya sa kafin ki kashe ko sisi, ki buɗe asusu a usegalaxy.eu, wadda jami'ar Freiburg ta Jamus ke kula da ita, ko usegalaxy.org ta Amurka. Kyauta ne, kowane asusu yana samun gigabait 250, manhajoji dubbai suna nan an riga an ɗora, kuma akwai darussan Galaxy Training Network da ɗalibi zai bi mataki-mataki da bayanan gwaji. Don koyarwa, da nazarin bayanan da wasu suka wallafa, da samfuran ƙwayar cutar da aka raina a ɗakin gwaji har ta rabu da jikin mutum, ban ga dalilin da zai sa ki ɗora wa kanki ɗawainiyar saba ba. Aibinsu shi ne layi yakan yi tsawo lokacin da jama'a suka yi yawa, kuma ba ajiya ce ta dindindin ba.

Abin da ke cikin samfurin mara lafiya

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan ne kafa taku sabar ke samun hujja. Idan DNA ɗin daga jini aka ciro shi kai tsaye, ko daga ruwan kaluluwa ko ɓargo, kamar yadda ake ɗauka don gano kala-azar, mafi yawan abin da injin ya karanta na mutumin ne, ƙwayar cutar kaso kaɗan ce a ciki. Fayil ɗin da aka rubuta wa sunan ƙwayar cuta, a gaskiya guntayen jinom ɗin wani yaro ne daga ƙauyukan bakin kogin Atbara ko Rahad, wanda mahaifinsa ya sa hannu a takarda don a binciki cutar da ke damun ɗansa. Cire sunansa daga fayil bai wadatar ba, domin DNA da kansa shaida ne a kan mai shi da danginsa. Wannan amana ce, kuma ban yarda a ɗora irin wannan fayil a kan sabar jama'a don kawai ta fi sauƙi ba.

Maganin a fannin fasaha ba shi da wuya. A fara jera guntayen a kan jinom ɗin ɗan Adam, GRCh38 ko sabon T2T-CHM13 da aka kammala a 2022, da Bowtie2 ko BWA, a ware duk abin da ya zauna a kansa, a riƙe saura. BWA gigabait 6 na RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa, ko ƙasa da haka take bukata don wannan, ke nan kwamfuta mai gigabait 16 za ta yi, sai dai a hankali. Ni nakan ƙara mataki na biyu, in riƙe abin da ya zauna a kan jinom ɗin Leishmania kaɗai, don tacewar farko ba ta kama komai da komai. Abin da ya rage ya yi ƙanƙanta sosai, ya fi sauƙin ɗorawa, kuma haɗarinsa ya ragu. To amma wannan tacewa dole ta faru a kan injin da ke hannunku. Ke nan abin da kuke bukata ba lallai ne ya zama katafaren injin da zai yi komai ba. Kuna bukatar wurin da ɗanyen fayil zai sauka a tace shi, a kuma ajiye shi.

Ko an tace, hukuncin fitar da bayanai waje ba nawa ba ne, ba kuma na mai kula da saba ba ne. Na kwamitin ɗa'ar bincike ne da ya amince da aikinki, da abin da takardar yardar marasa lafiya ta ce, da yarjejeniyar da kuka yi da kamfanin da ke karanta muku. Ki kuma tuna cewa duk ƙasar da saba ta zauna dokarta na hawa kanta. A Turai akwai GDPR, dokar kare bayanan mutane, tun 2018. A Saudiyya dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, kuma ta sa bayanan ƙwayoyin gado cikin masu bukatar kulawa ta musamman. Idan ɗalibinki na Jidda ya ce zai samo muku masauki a can, a duba wannan tukuna.

Inda za ta zauna

Ba sai na gaya miki abin da muka gani tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023 ba. Jami'o'i da ɗakunan gwaji a Khartum an bar su da duk abin da ke ciki. Cibiyar binciken cutar maisetoma da ke Soba, wadda duniya ta san da ita, an lalata ta, samfuran da aka tara shekaru da yawa sun salwanta. Madani, inda mutane da yawa suka kai kayansu suna ganin sun tsira, ta faɗa hannun mayaƙa a Disambar 2023. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a yawancin ƙasar. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin wuta, har da ta madatsar Marawi, garuruwa suka kwana cikin duhu. Duk wanda zai ba ki shawarar ajiye kwafi ɗaya tilo na aikin shekaru a ɗaki ɗaya a ƙasar nan, bai yi miki adalci ba.

Ko babu yaƙi, akwai lissafin wuta. Inji mai jan wat 300 yana cin kilowat-awa 7.2 a yini. Idan da sola za a riƙe shi, batura sai sun ɗauki kusan kilowat-awa 4 don dare kaɗai, ban da sanyaya ɗaki, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙura. Da damina kuma, kin fi ni sanin yadda hadari ke rufe Gadarif. Saboda haka idan za a ajiye a sashe, ba na ba da shawarar dogayen sabobin nan na cikin kabad, masu ƙara da zafi da cin wuta. Kwamfutar aiki mai tsayuwa a ƙasa ta fi dacewa: ƙwaƙwalwa mai rassa 16, RAM gigabait 64 da gurbin ƙarawa zuwa 128, faifan SSD na terabait 2 don aikin da ake ciki, da manyan faifai biyu na terabait 8 ko fiye masu kwafar juna. A haɗa ta da UPS mai igiyar da ke sanar da kwamfuta cewa batir ya kusa ƙarewa, don ta kashe kanta cikin tsari. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu ita ce ke lalata rumbun bayanai. Wannan inji ya ishi Leishmania da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mai haruffa miliyan 23, da bakteriya. Ba zai ishi ɗaruruwan jinom ɗin mutane ba. Wannan aikin manyan injuna ne irin Shaheen da Ibex na jami'ar KAUST da ke Suwal, arewa da Jidda, kuma ta haɗin gwiwa ake isa gare su. Ni ƙwarewata a kan ƙananan sabobi take, na mutum goma zuwa ashirin, shawarata a nan ta tsaya.

Hanya ta biyu ita ce hayar saba a waje, wata-wata. Wuta ba ta ɗaukewa, layi yana da faɗi, gigabait 40 ɗin nan za su sauka cikin mintuna. Matsalarta biyu: biyan kuɗi, tunda Bankak, manhajar biyan kuɗi ta Bankin Khartum, ba ta biyan kamfanin waje, sai an samu wanda ke da kati a wata ƙasa, kuma ranar da tallafi ya ƙare aka daina biya, za a goge komai. Ga kuma batun izinin ajiye bayanan marasa lafiya a can. Duk da an ɗage takunkumin Amurka a 2017, ki gwada buɗe asusu da biya daga Sudan kafin ki gina shiri a kan kowane kamfani. Hanya ta uku, wadda na fi so idan ta samu, ita ce wata jami'a da kuke aiki tare ta ba ku gurbi a ɗakin sabobinta, da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda ya mallaki bayanan da wanda zai iya buɗe su.

Da ni ne a matsayinki, da zan raba tallafin. In sayi matsakaicin inji a Gadarif don tacewa da ajiya da koyar da waɗanda ke kusa, in bar nauyin nazari ga Galaxy ta jama'a bayan an tace, in ware kuɗin faifan ajiya da sola da ɗan alawus na mai kula kafin in ƙara ko gigabait ɗaya na RAM.

Ƙofa da makulli

Akwai cikas da mutane ba sa gani sai an gama sayayya. Layukan waya, har da Starlink a tsarinta na gama-gari, ba sa ba ki adireshin intanet naki ke kaɗai, mutane da yawa ne ke fita da adireshi ɗaya. Ke nan sabarki tana iya fita ta ɗauko abu, amma ɗalibi daga Port Sudan ba zai same ta ba. Ana warware wannan da ɓoyayyar hanya: a yi hayar 'yar ƙaramar saba mai arha a waje, sabar sashe ta ƙulla da ita ta WireGuard, ɗalibai ma su ƙulla, sai su haɗu a ciki kamar suna ɗaki ɗaya. Tailscale tana yin irin wannan da sauƙin saiti. Ko da kuna da adireshin kanku, haka zan ce a yi. Kowane ɗalibi da nasa makulli, wanda ya kammala a soke nasa.

Dalili shi ne, sabar nazari aikinta ke nan ta karɓi umarni daga nesa ta aiwatar. Idan kika buɗe ta ga duniya, cikin sa'o'i za ki ga a littafin shige da fice ana ta gwada sunaye da kalmomin sirri daga ƙasashen da ba ki san kowa ba. Ba mutane ba ne zaune, manhajoji ne ke zagaye intanet dare da rana suna neman injin da za su haƙi kuɗin kirifto da shi. Na taɓa karɓar wata saba a wani ɗakin bincike da ake kukan ta yi nauyi, ashe an bar Jupyter, manhajar da ake ba saba umarni da ita ta burauza, a buɗe babu kalmar sirri, rassan ƙwaƙwalwarta duka suna yi wa wani baƙo aiki. Idan dai dole ne a buɗe, to a sa Nginx a gaba da takardar shaida ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce kuma takan sabunta kanta, a shiga fayil ɗin galaxy.yml a hana baƙo buɗe wa kansa asusu, a kuma hana shiga ta SSH, wato hanyar buga umarni a saba daga nesa, da kalmar sirri sai da makulli.

Wani abu kuma, za a samu ɗalibi mai ƙwazo da zai ce zai rubuta muku shafin da kansa da PHP ko Flask, akwati guda na sa sunan fayil da maɓalli guda. Ki yaba masa, amma kada a ɗora shi inda bayanai suke. Irin wannan shafi yakan ɗauki abin da aka rubuta a akwatin ya manna a cikin umarni yadda yake. Wani ya rubuta sunan fayil, ya sa waƙafi mai ruwa, ya biyo da umarnin gogewa, Linux za ta ɗauka umarni biyu aka ba ta, ta aiwatar da duka. Galaxy da SequenceServer sun shekara da shekaru ana toshe musu irin waɗannan ramuka.

Me za a ɗora

Ki fara da ƙarami. Linux samfurin Ubuntu ko Debian, sai SequenceServer a kan jerin da kuka haɗa da kanku waɗanda ba a wallafa ba, da jinom ɗin da za ku sauko da su daga TriTrypDB, rumbun jinom ɗin Leishmania da danginta. Wannan aikin yamma ɗaya ne, kuma ɗalibai za su ga amfaninsa nan take. Kada ku yi yunƙurin sauko da babban rumbun jerin DNA na NCBI mai suna nt, ɗaruruwan gigabait ne kuma kullum ƙaruwa yake, wannan binciken a yi shi a shafin NCBI. Galaxy ta biyo baya idan an ga bukata, kuma a ɗora ta da Ansible, manhajar da ke yin saiti bisa rubutaccen tsari, kamar yadda masu ita suka tsara, da PostgreSQL a matsayin rumbu, ba SQLite da take zuwa da shi don gwaji ba. A sa Slurm ko da inji ɗaya ne, don ita ce ke hana mutum uku su tayar da manyan ayyuka lokaci guda RAM ya cika komai ya tsaya. Manhajojin nazari a ɗauko su ta Bioconda ko cikin kwantenar Apptainer, yadda kowace siga za ta zauna daban. Nan da shekara biyu mai duba kundi zai tambayi sigar da aka yi aiki da ita, kuma Galaxy tana rubuta wannan da kanta a tarihin kowane aiki, da duk saitin da aka zaɓa.

Faifai kuwa zai cika da wuri fiye da zatonki. Galaxy tana ajiye abin da kowane mataki ya fitar, fayil na gigabait ɗaya ya zama huɗu ko biyar kafin a kai ƙarshe. Idan ɗalibi ya latsa gogewa, ɓoye fayil ɗin kawai take yi, yana nan a faifai sai an share shi sharewa ta dindindin. Na ga inda aka kwana ana aiki, da asuba faifai ya cika, rumbun bayanai ya kasa rubutu, shafin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa ana saura kwanaki a miƙa kundi. A yanka wa kowa iyakarsa tun ranar farko, a sa aikin shara ya riƙa gudana da kansa kowane mako, a kuma raba faifan rumbun bayanai da na fayiloli.

Ina da wata damuwa game da maɓallai, kuma ta shafi ƙwayarki kai tsaye. Sauƙin latsawa yana sa ɗalibi ya karɓi saitin da ya tarar ba tare da tambaya ba. Manhajojin gano bambanci irin GATK suna ɗauka kowane kuromosom kwafi biyu ne, kamar na mutum. Leishmania ba ta bin wannan doka. Kuromosom na 31 yawanci kwafi huɗu ne, wasu kuma suna hawa suna sauka daga samfuri zuwa samfuri, har ma a cikin kwalba ɗaya idan aka daɗe ana rainonta. Jinom ɗin da aka fi jerawa a kansa, BPK282, daga Nepal yake, ƙwayoyin gabashin Afirka kuwa sun bambanta da shi, sun kuma bambanta da juna. Shafin zai nuna kore, alamar aiki ya kammala lafiya, sakamakon kuma ya zama ba daidai ba. Ki sa kowane ɗalibi ya fara da auna zurfin karatu, wato sau nawa aka karanta kowane wuri, a kan kowane kuromosom kafin ya taɓa komai. Waɗanda suka nuna sha'awa kuma a koya musu baƙin allo. SSH da tmux, wadda ke riƙe aiki ko layi ya yanke, kusan ba sa cin data, suna aiki a layin da burauza ba za ta buɗe ba, kuma daga nan ne za su kai ga Snakemake ko Nextflow, manhajojin da ke ɗinke matakan nazari su gudana bi da bi.

Mai kula da kwafin ajiya

Sabobin da na ga sun mutu, kaɗan ne inji ya kashe. Yawanci wanda ya kafa ne ya samu karatu ko aiki a waje ya tafi da kalmar sirri a kansa. Tun kafin a sayi komai, a samu mutum biyu, a rubuta sunansu, a ba su lokaci a cikin jadawalin aikinsu, sa'o'i kaɗan kowane mako don sabunta manhajoji da duba faifai da amsa koken ɗalibai. Shirin H3ABioNet na masu nazarin DNA da kwamfuta a Afirka, wanda aka fara a 2012, ya horar da 'yan Sudan da dama a wannan fanni ta cibiyoyinsa na Khartum. Da yawansu suna warwatse yanzu kamar ɗalibanki, kuma kula da saba aiki ne da ake yi daga nesa, in dai akwai wanda zai danna maɓallin kunnawa a Gadarif.

Faifai biyu masu kwafar juna suna kare ki daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Ba sa kare ki daga gogewa bisa kuskure, ko ɓarawo, ko gobara, ko barin gari da gaggawa. Ɗanyen fayil da ya zo daga kamfani da jadawalin da ke haɗa lambar samfuri da bayanin mara lafiya su ne ba a sake samu, sauran duka ana iya sake lissafa su. Waɗannan a yi musu kwafi uku: ɗaya a saba, ɗaya a faifan hannu da aka kulle da kalmar sirri yana wani gini, ɗaya kuma a wajen ƙasa, a kulle, da izinin kwamiti. Jadawalin sunaye kada ya zauna a kan sabar da ɗalibai ke shiga ko kaɗan. Restic da BorgBackup duka suna kulle bayanai kafin su fita, kuma abin da ya canza kaɗai suke aikawa, don haka bayan karon farko ba sa cin layi. Sau ɗaya a kowane zangon karatu, ki sa mai kula na biyu, ba wanda ya kafa ba, ya ɗauki takardar bayanin da aka rubuta, ya dawo da samfuri ɗaya daga kwafin waje zuwa wata kwamfuta, ya gwada lambar md5 ɗinsa, wadda ke nuna fayil bai canza ba, da wadda kamfanin ya aiko. Idan ya kasa, a gyara takardar a ranar.